Takun Ƙafa Mai Ciwo

Indramayu, 4 ga Yuni

Zuwa ga Ibu Farfesa Lestari Wirakusumah, shugabar Ƙungiyar Masu Nazarin Rawa, Bandung.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Ibu tana lafiya, ita da iyali.

Sunana Casmini, shekarata sha huɗu. Ni ce yarinyar da ta yi rawar jar fuskar katako a gwajinku na ranar Asabar, wadda aka yi ta tambayarta ta kasa ɗaga kai. Ban iya magana a gaban manya ba. Shi ya sa nake son rawar nan. Fuskar katakon da haƙori ake riƙe ta, akwai 'yar fata a ciki da ake cizawa, don haka ba mai ce miki ki yi magana. Amma rubutu zan iya.

Kun ce wadda ta ci za ku kai ta makarantar rawa a Bandung. Ban ci ba. A takardata an rubuta: "Ba ta ja ƙafar hagu a inda ake ja ba. Ba ta bi salon Mimi Darsiti ba."

Ibu, Mimi Darsiti kakata ce. Ɗakinmu ɗaya. Tun ina shekara biyar take kama gwiwoyina tana buɗe su da hannunta, in na yi kuskure ta ɗana mini tsinken tsintsiya a ƙwauri. Ba ta taɓa cewa in ja ƙafa ba, ko sau ɗaya. Yara goma sha ɗaya na gani ranar nan suna jan ƙafa kamar sun taka ƙusa, alƙalai suna gyaɗa kai. Ni kaɗai na taka yadda ta koya mini, kuma ni aka ce ban san salonta ba.

Idan ban tafi makarantar nan ba, bayan girbi za a kai ni wurin gwaggona in riƙa ɓare albasa a kasuwa. Ina roƙo a sake dubawa.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Na gode.
Casmini

*

Bandung, 19 ga Yuni

Zuwa ga Casmini.

Wa alaikumus salam. Ofishin shugaba ya karɓi wasiƙarki.

Ana sanar da ke cewa alƙalai sun yi aiki ne da hoton bidiyon da ƙungiya ta ɗauka na kakarki shekara goma sha biyu da suka wuce, da kuma littafin da shugaba ta rubuta a kansa. Takun da kika tsallake shi ne Ƙafa Mai Ciwo. Babi na huɗu ya nuna cewa a nan ne azzalumin sarkin da ake kwaikwayo yake jin nauyin zunubinsa har ƙafa ta gaza ɗaukarsa. Kakarki da bakinta ta faɗi sunan takun, kuma yana cikin bidiyon. A yau makarantu bakwai ne ke koyar da shi.

Hukuncin alƙalai ba ya canzawa. Muna ba ki shawara ki karanta littafin.

Huta lafiya.
Endang Sutisna, sakatare

*

Indramayu, 25 ga Yuni

Zuwa ga Ibu Farfesa, ba sakatare ba.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta wa Mimi wasiƙar sakatarenki Pak Endang tana tsince shinkafa a faranti. Da na kai wurin zunubi ta ce, "Sake karanta mini nan." Na sake. Ta yi dariya har ta ƙware, sai da na kawo mata ruwa.

Ta ce, "Zunubin wa? Zunubin Warta dai, ɗan iskan nan mai babur."

Na ce, "Mimi, me ya haɗa Warta da rawa?"

Ta ce, "Ke ba ki da wayo lokacin. Saura kwana takwas baƙin Bandung su zo, ya ɗauko ni daga kasuwa yana kallon wata mai sayar da ayaba, ya zuba mu a kwatar gona. Idon sawuna ya kumbura ya yi kamar gwanda. Mutane sun taso daga nesa da kayan ɗaukar hoto, in ce su koma? Na ɗaure shi da ƙyalle na saki zani a kai."

Na ce, "To sunan fa?"

Ta ce, "Wane suna? Ina saukowa ina haki, wata doguwa mai tabarau ta tare ni da littafi, wai Mimi, mene ne wannan da kika yi da ƙafar hagu? Na ce mata ƙafa ce mai ciwo. Sai na ga tana rubutawa da sauri. Na ce a raina, Allah sarki, magani za ta aiko mini. Har yau ina jira."

Ibu, ke ce doguwar mai tabarau. Na ga hotonki a bayan littafin.

Mimi dariya take yi, ni kuwa ba na yi. Shekara goma sha biyu kuna taro, kuna cin abinci a otal, kuna ba juna lambar yabo da sunanta, amma ba wanda ya hau mota ta awa huɗu ya zo ya tambaye ta. Da ranta fa. Tana nan a kan tabarma tana zagin kaji. Kun koya wa makarantu bakwai ɗingishi, sannan kun kayar da ni don ƙafata lafiya lau.

Ban taɓa yi wa babba irin wannan magana ba. Amma ba zan goge ba.

Warta yana nan, tabon yana gwiwarsa. In kina so ki tambaye shi.

Na bar ki lafiya.
Casmini

*

Bandung, 20 ga Yuli

'Yata Casmini,

Wa alaikumus salam. Da hannuna nake rubuta wannan, bai bi ta ofis ba. Ki gaishe mini da Mimi sosai.

Na sake kallon bidiyon sau uku. A wurin da ta juya, ana ganin bakin farin ƙyalle a ƙarƙashin zani. Na kalle shi ya fi sau ɗari a rayuwata ban lura ba.

Ke yarinya ce mai hankali, zan gaya miki yadda abin yake. Ranar 16 ga Agusta muke babban taron shekara, kuma a ranar ake zaɓen shugaba. Akwai masu jiran su ga na yi tuntuɓe. In maganar nan ta fito yanzu, ba ni kaɗai za ta kayar ba. Ɗalibai shida sun sami digiri a kan takun nan.

Shugaba tana da ikon ƙara suna ɗaya a jerin 'yan makaranta. Zan sa naki, in sa hannu da safiyar ranar taro kafin a shiga zaure. Ki zo ki buɗe mana taron da rawa, a matsayin jikar Mimi. Za mu aiko da mota, ki zo da wanda zai raka ki. Abu ɗaya nake roƙo: ki yi mini alkawari ba za ki ce komai a kan wannan magana a cikin zauren ba. Bayan zaɓe za mu gyara littafin a hankali, in an tashi sake buga shi.

Ina jiran amsarki.
Lestari

*

Indramayu, 28 ga Yuli

Ibu Farfesa,

Assalamu alaikum. Na gode da makaranta. Zan zo.

Na yi alkawari ba zan ce ko kalma ɗaya a zauren ba. Dama fatar fuska tana bakina.

Rawar kuwa da ƙafafuna biyu zan yi, tunda ba ki ambaci ƙafa ba.

Kin ce in zo da mai rakiya. Mimi ce. Har ta sa an wanke mata zaninta na biki. Ta ce a ajiye mata kujera a layin gaba, kusa da lasifika, kuma a tuna wa mai tabarau maganinta.

Ita ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Sai mun zo.
Casmini