Bayana ga Fasto, Fuskata ga Auta

Lahadi, 2 ga Yuni

Mama ta yi nasara a kaina. Matar da ke yi wa kurame tafinta a cocinsu ta bi mijinta wani gari, ajin baftisma zai fara ranar Laraba, kuma ƙanwata Auta, da ba ta ji, ta riga ta ba da sunanta. Duk gidan nan ni kaɗai na iya maganar hannu sosai. Mama shekara ashirin tana fama, har yau ba ta wuce "zo ki ci abinci" da "kashe wuta" ba. Na ce mata kin san shekara tara rabona da ƙofar nan, kin kuma san dalili. Ta ce ai ba durƙusawa aka ce ki yi ba, hannu kawai za ki ara wa ƙanwarki. Auta tana kan keken ɗinkinta tana bin bakunanmu da ido, ta ɗaga mini gira. Na amsa. Mako biyar ne, ba zai kashe ni ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Wani ɗaki ne a bayan coci, kujerun roba na yara, fanka tana ta ƙara ba iska. Ɗalibai bakwai. Ni aka ajiye a gaba, bayana ga Fasto, fuskata ga Auta. Hakan ya yi mini, ko ba komai na huta da kallonsa, turarensa ma ya ishe ni.

Darasin yau: halin Allah. Mai iko duka, masanin komai, mai ƙauna marar iyaka. Fasto yana jero su kamar mai tallan kaya, wata tsohuwa tana amin, amin, tun bai rufe baki ba. Ni kuwa da safen nan a ɗakin gwaji na asibitin da nake aiki na duba jinin wata yarinya 'yar shekara uku mai sikila, karo na huɗu a wata guda. Hannunta duk ramin allura, ba sauran inda za a soka. In Ya sani kuma Yana iyawa, to ba Ya so. In Yana so, ba Ya iyawa. Su zaɓi biyu su bar ɗaya, ukun ba sa zama a kujera guda. Amma ina, sai ka ji an ce asiri ne. Duk inda lissafi ya ƙi fita sai a rufe shi da wannan kalma.

Na fassara komai daidai. Auta tana rubutawa a littafinta, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya.

Asabar, 8 ga Yuni

Maƙwabciyarmu ta warke daga zazzaɓi, ta zo ba Mama shaida. Allah ne ya taɓa ta. Allurai shida na asibitinmu ko sannu ba su samu ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Yau Uku-Cikin-Ɗaya. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, amma kada ka kuskura ka ce uku. Fasto ya zo da dafaffen ƙwai a aljihu, wai ɓawo da fari da gwaiduwa. Babban mutum da gemu, yana ɓare ƙwai a gaban jama'a don ya bayyana wanda ya yi taurari! Ɓawon ya maƙale masa a farce, na ji yana kakkaɓewa a bayana.

Ban san lokacin da hannuna ya ƙara ba. Bayan na gama ba Auta zancen ƙwai sai na ɗora: "kuma duk wanda ya ce ya gane, ƙarya yake." Ta yi ɗan murmushi ta rubuta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ga ni a tsakiyar ɗakinsu ina faɗin abin da na ga dama, ba mai ji.

A hanya na tuna wa'azin nan na baƙon mai bishara. Auta tana shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, kwana uku ana addu'a a kanta kafin wani ya tuna akwai asibiti. Da ta tashi ba kunne, sai aka kai ta gaban baƙon, ya cusa mata yatsu a kunnuwa yana daka wa aljani tsawa. Tsawa, a kunnen kurma. Ina shekara goma sha ɗaya, ina riƙe da takalmanta. Da abin ya ƙi, sai aka ce bangaskiyar Mama ce ta yi kaɗan. Shi dai Mai ikon ba Ya taɓa laifi.

Laraba, 19 ga Yuni

Gicciye. Fasto har da share hawaye, tsohuwar amin tana taya shi. Na ba Auta duk abin da ya ce, sannan na ƙara nawa, wannan karon da yawa. Na ce wato Ya yi mutane da hannunSa Yana sane za su kauce, Ya yi fushi da suka kauce, Ya aiko kanSa, Ya sa aka kashe Shi, don Ya huce da kanSa. Wanda kuma bai gode ba wuta, saboda tsabar ƙauna. Auta ba ta yi murmushi ba. Ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce in maimaita, na maimaita, ta rubuta a hankali.

Da aka tashi Fasto ya karɓi littattafan kowa, wai zai duba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Fasto ya zo gida da la'asar, littafin Auta a hammata. Mama ta rasa inda za ta sa shi, ta fito da kofunan da ba a ba mu. Ya ƙi shayin. Ya buɗe shafin ya ajiye a tebur, ya ce Mama, ina ganin 'yarki ba ta shirya ba tukuna, a bari sai baɗi. Kuma ni ce zan fassara wa Auta wannan, don ba wani.

Na fassara. Ta dube shi, ta dube ni. Ta jawo biro ta rubuta a ƙasan shafin da manyan baƙaƙe: AI KAI KA FAƊA RANAR LARABA. Ta tura masa.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini, ni mai taƙama da kaifin kai. Ni na san inda maganarsa ta ƙare tawa ta fara. Ita ta ina za ta sani? Hannu ɗaya ne yake ba ta duka biyun. Mako biyu tana ɗauke da maganata a matsayin koyarwar cocinta, tana juya ta a kan keke, tana neman yadda za ta haɗiye.

Fasto ya juyo yana kallona ta saman tabarau. Mama ta ce me ya faru, me ta rubuta? Auta ta gane kafin kowa ya buɗe baki. Na ɗaga hannu zan yi bayani, sai ta rufe idonta. Haka take tun tana ƙarama, in ta rufe ido ta rufe ƙofa ke nan, ko ganga za ka buga.

Litinin, 24 ga Yuni

Abin da na faɗa gaskiya ne. Ko ɗaya ba zan janye ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Kwana huɗu. In na shiga ɗaki sai ta juya keken ya kalli bango. Jiya ba ta je aji ba, ba wanda ya ce mini in shirya. Mama tana magana da ni ta bakin tukwane, kowane murfi sai ya ji a jikinsa. Ɗazu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ke kin fita an bar ki, ita da take son shiga me ya sa za ki tsaya mata a ƙofa? Na ce ƙofar ina, Mama, ɗakin da ba kowa ciki? Ta ce ko ba kowa, ɗakinta ne.

Na sami farar rigar da Auta ta fara ɗinka wa kanta a cikin kwandon ƙyalle, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Na je ofishin Fasto. Kalanda uku a bango, duk da hotonsa. Na ce ni na ƙara, ba ita ba, kada a hora ta da laifina. Ya ce ya sani. Na zo da shirin faɗa, don haka na zube masa duka: yarinyar mai sikila, baƙon mai yatsu, addu'ar da ake yi don a canza wa wanda ba Ya canzawa ra'ayi. Na jira ya ce asiri. Sai ya cire tabarau ya ce, 'yata, na yarinyar nan ban sani ba, na binne irinta da yawa kuma ban sani ba. Shekara talatin a kan mumbari, abin da ya tara ke nan. Na so in yi dariya, ba ta zo ba.

Ya ce dattawan ikilisiya za su yi wa ɗalibai tambayoyi ranar Asabar mai zuwa. Zai sa sunan Auta, amma ya nemi wani tafinta ko'ina bai samu ba. Ya ce ita za ta yanke, ba shi ba.

Talata, 2 ga Yuli

Na dawo daga aiki na tarar da ita tsaye a bakin ɗakina. Ido a buɗe. Hannunta da sauri har na kusa ɓata. Ta ce Yaya, ke kina da kunne da baki da littattafai, ni taga ɗaya gare ni, ke ce, kika shafa mata fenti. Ta ce ta san tambayoyin nan tun kafin ni, a jikinta suke, ba sai na koya mata ba. Ranar Asabar zan je, abin da suka ce shi zan ba ta, abin da ta ce shi zan ba su. In ina da nawa in jira mu dawo gida in faɗa da sunana.

Na ce to. Ban ce yi haƙuri ba, hannuna ya yi nauyi. Sai da ta juya na yi, a bayanta, inda ba ta gani. Wawiya.

Asabar, 6 ga Yuli

Dattawa huɗu a bayan dogon tebur, ɗaya yana gyangyaɗi tun kafin a fara. Suka yi ta tambayoyin hadda, Auta tana amsawa, ni ina zuba musu da murya. Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Tafinta ba ya cewa "ta ce", da bakin mai magana yake magana. Sai ga ni, ni, a gaban mutanen da suka san ni tun ina ajin yara, ina cewa na gaskata da Uba, na gaskata da Ɗa. Mama tana daga baya ta toshe baki da gefen mayafi. Ta san ba nawa ba ne, duk da haka.

Sai wani dattijo mai sanƙo, tsohon hedimasta, irin masu son a san sun yi karatu, ya gyara zama. Ya ce 'yata, tunda Allah ƙauna ne, me za ki ce da ya bar ki ba ji? Jinina ya hau. Tambayata ce, amma a bakinsa ƙazanta ce, don shi amsar hadda yake jira. Na ba ta yadda ya faɗa, ban rage ba.

Ta dubi dattijon. Sannan ta ce, ni kuma na ce: "Ban sani ba. Na tambaye Shi da fushi sau da yawa, bai ba ni dalili ba. Amma duk duniya, likita, mai shago, Fasto, har mahaifiyata, sai wani ya tsaya a tsakani kafin mu yi magana. Shi kaɗai nake wa magana ba tafinta."

Muryata ta karye a kalmar ƙarshe, dole na sake faɗa. Mai gyangyaɗin ma ya farka. Auta ba su take kallo ba, bakina take bi, tana duba ko na ba su daidai.

Sun karɓe ta.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ruwan baftisman na famfo ne a cikin kwatami mai tayil, na ga mai gadi yana cika shi da tiyo. Auta ta fito tana tari, farar rigar ta yi mata kyau. Wa'azin minti hamsin da biyar, rabinsa shirme, kuma duk shirmen ya isa gare ta cif. Kafaɗuna kamar an yi mini duka.

Jumma'a, 12 ga Yuli

Ba abin da ya canza. Yarinyar mai sikila ta dawo jiya, sama shiru kamar kullum. Na gaya wa Auta haka a tsakar gida, da sunana, ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta yarda ba, ta ci gaba da yanka yadi.

Alkawarina mako biyar ne kuma ya cika. Har yanzu ba su sami tafinta ba, matsalarsu ce. Da zan dawo daga aiki na tsaya na sayi wata baƙar riga marar ado, wai hannu ya fi fitowa a kan baƙi in mutum yana kallo daga nesa. Dama ina bukatar riga. Na kuma yanke farce, sun yi tsawo ne kawai.

Jibi Lahadi, ƙarfe takwas suke farawa a cocin.