Akwatin Bayan Mota

Yaya Danladi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Greensboro lafiya lau.

Ka tuna tsohon Baturen da nake taya gyaran tsofaffin motoci a McLeansville? Tun da matarsa ta rasu yake neman irin akwatin da ake ɗaurawa a bayan motar da suka yi aure da ita. Ya yi ta sayowa, babu wanda ya zauna. Ashe na mota bayansa a lanƙwashe yake, don ya kwanta a jikinta. Makon jiya aka dace. Na riƙe, ya ɗaure da igiyar fata. Sai ya ɗauko rigar sanyin matar, ya ninke ya sa ciki, ya rufe. 

Yaya, akwatin ƙarfen marigayi Baba da ka ce za ka ba 'yan gwangwan saboda tsatsa, don Allah ka bar shi. In babu wuri, tura shi ƙarƙashin gadona.

Gai da Anti Rahila da yara. A sa mu a addu'a, har da tsohon nan.

Ƙaninka,
Bitrus