Gurbi Biyar da Malam Ya Bar Mini

Daga Jidda.

Assalamu alaikum Yaya Lauratu,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna, ya su Sadiq da makaranta? Ni lafiya lau nake. Aikin gidan da yawa, hannuwana duk sun tsattsage da wanke-wanke, amma kada Inna ta ji.

Kin tuna littafin da maigidana marigayi Malam yake zana mini 'yan gidaje, ya rubuta tambaya a gefe, ni kuma in cike amsar harafi-harafi don bokona ya zauna? Da shi na taho. Na cike duka, saura ɗaya: "Itacen da muka fake a gindinsa ran da ruwa ya tare mu a hanyar Sheme, gurbi biyar." Yaya, na manta. Ni ranar ba itacen nake kallo ba. Kanya ta shiga, ɗinya ma ta shiga, kuma ba zan yi masa canke ba.

Don Allah in hanya ta yi lafiya, ki sa Shamsu ya duba, gaba kaɗan da kwalbati ne. In an sare shi, ya tambayi mai gonar. Ba zan sa biro ba sai na ji daga gare ki.

Allah ya jiƙan Malam.

Ƙanwarki,
Asabe