Kada Kowa Ya Taɓa Baba Wangdu

Takoma Park,
9 ga Maris, 2012.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙafar? Yaya su Sailuba da yaranta? Ni ma ina nan ƙalau a ƙasar Turawa, sanyi ya fara sassautawa.

Kin ce in daina ce miki "aiki lafiya" kawai, in faɗa miki wanda nake jinya. Wani tsoho ne, Baba Wangdu, mutumin Tibet, can arewa da Indiya. Ciwon huhu ne, likitoci sun sallame shi ya ƙarasa kwanakinsa a gida. Nakan wuni da shi in 'yarsa Dolkar ta tafi aiki. Baki kam lafiyarsa lau. Ya fi ki surutu, Inna, kuma kin san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yankinsu Kham ake ce masa. Ya ce duwatsu ne zalla, manyan koguna sun tsattsaga su, har kana jin haushin karnukan ƙauyen tsallake, amma kafin ka isa sai ka kwana a hanya. Shi ya sa kusan kowane kwari da sarkinsa. Mahukuntan Lhasa, babban birninsu, su aiko a biya haraji, na Sin ma su aiko, su kuwa can bisa dutse su yi kamar ba da su ake ba. Yana saurayi sojojin Sin suka shigo, aka tuɓe sarakunan, ya gudu Indiya da ƙafa. Yanzu an rarraba yankin tsakanin larduna. In ya kawo nan sai ya ce in haɗa masa shayinsu mai man shanu da gishiri. Na kurɓa sau ɗaya don kunya, ban ƙara ba.

A gaishe mini da kowa.

'Yarki,
Juwairiyya.

Takoma Park,
2 ga Mayu, 2012.

Innata,

Ina gaisuwa, da fatan maganin da na aiko ya karɓe ki.

Na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Hira ce ta kai mu, na gaya wa Baba ke ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, kuma mu da rai ya fita ake rufe ido, a ɗaure haɓa, kafin rana ta juya an kai mutum makwancinsa. Sai na ga ya zaro ido. Ashe su a wurinsu, ko numfashi ya tsaya rai bai gama fita ba, in an taɓa mutum an rikita masa tafiya. Barinsa ake yi yadda yake, ba kuka a kusa, sai malaminsu, wanda suke kira lama, ya zo ya fara taɓa tsakiyar kansa. A duwatsunsu lama kan yi kwanaki bisa doki kafin ya iso, kuma jiransa ake yi.

Ya kama hannuna, ya roƙe ni in abin ya zo ina nan, kada in taɓa shi, kada in bari wani ya taɓa. Na amsa masa. Addinina yana nan daram, ban ce na yarda da nasu ba, amma alkawari na ɗauka. Tsorona ɗaya, hannun nan nawa ke kika hore shi, ba ya jiran shawara. Ki taya ni da addu'a.

Taki,
Juwairiyya.

Takoma Park,
20 ga Yuni, 2012.

Innata,

Ina miƙo gaisuwa gare ki da mutanen gida. Baba Wangdu ya cika ranar Talata da hantsi, daga ni sai shi.

Ya ja numfashi, na jira na gaba, bai zo ba. Idonsa a buɗe, baki a sake, hannu ɗaya ya sauko daga gado. Wallahi Inna, sai ganin yatsuna na yi dab da fuskarsa. Na janye su, na koma kujera na zauna a kansu kamar yarinyar da aka hana taɓa tuwo. Kuka ya taso mini, na haɗiye. Na fita na kira Dolkar, ita kuma ta kira lama.

Kafin su iso sai ga Edna, nas ɗin da ke gaba da ni a wurin aiki, ta sami labari ta zo ta tabbatar da rasuwar ta kira masu ɗaukar gawa. Mace ce mai kirki, amma aiki aiki ne a wurinta. Na tsaya a ƙofar ɗakin, na ce ba na hana ta ba ne, lokaci nake roƙo. Sai ta ajiye jakarta ta zauna a falo. Dolkar ta iso, muka zauna jiran lama, ina ja masa labule kada rana ta taɓa shi.

Sai bayan la'asar laman ya iso. Ya taɓa tsakiyar kan, ya yi karatunsu, sannan Dolkar ta ce in rufe wa babanta ido. Na sa hannu, fatar ta riga ta sandare, ta ƙi rufuwa. Abin da kika sha gargaɗina a kai ke nan, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Su kuwa godiya suke ta yi mini.

A mota na yi kukana. Da na natsu, sai na tuna ni ma baƙuwa ce a ƙasar nan, kuma ba ke za ki tsaya a kaina ba. Washegari na zaunar da Edna, na nuna mata inda alƙibla take, da yadda ake rufe ido, da masallacin da za ta kira. Na roƙe ta in tawa ta zo tana kusa, kada ta bari gawata ta kwana ba a binne ba. Ta kama hannuna, ta ce ta ɗauki alkawari.

Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Juwairiyya.