Ranar da Hukuma Ta Yarda Ka Rasu

Zuwa ga Maigida, baban Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kana kwance cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, kai da ka ce ajin yaƙi da jahilci na marasa aikin yi ne. To, ga mara aikin yi tana rubuto maka.

Gida lafiya lau. Talatu ta yi wayo, bakinta kuwa naka ne sak. Kakuri ta cika da baƙi tun da aka buɗe masaƙa, matan Romi da na Kakau kuma ba su fasa kawo dawa injin niƙanka ba. Okoro makaniki, wanda kuka haɗa jari kuka sayi injin, yana nan yana ba shi mai yana zaginsa da yarensu.

Amma ka san a wajen hukuma ba ka mutu ba? Lasisin injin ya ƙare, sai ga masinjan kotu da sammaci da sunanka. Na gaya masa inda kake, har kwatancen maƙabarta na yi masa. Ya ce shi aikinsa kaiwa ne, ya ajiye takardar a kan turmi ya tafi. Da ba ka je ba, aka ci ka tara wai ka raina kotu. Kai da ko mai unguwa ba ka iya haɗa ido da shi! Daga nan suka zo suka datse rumfar injin da kwaɗo, suka ce in mai lasisi bai bayyana ba gwanjonsa za a yi. Ka san kuwa in babu injin nan babu tuwo a gidan nan.

Okoro ne ya warware mini. Wai laifinmu shi ne mun rufe ka kafin azahar ba mu sanar da ofis ba. Yo wa zai bar gawa a kwance ya tafi neman akawu? Ya zaunar da ni ya yi ta karanta mini: shi mai hannun jari ne, ni magajiya, injin kuma kadara. Ni da na ɗauka ƙarfe ne mai hayaƙi, ashe har da sarautarsa. Ya samo mana lauya, wani mai baƙar kwat a tsakiyar bazara, yana zufa yana Turanci. Shi ya ce magani ɗaya ne: in tsaya gaban majistare in rantse cewa wane ya rasu, ni ce matarsa, a mayar da lasisi hannuna.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Muka ƙetare gada zuwa kotu, ni da Liman da ya yi maka salla, da Okoro wanda ya shaƙe wuyansa da laktaye. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani. Sai tafinta ya ce in faɗi sunan mamaci.

Maigida, ka taɓa jin sunanka a bakina? Uwata ma har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci na Baba ba. Na ce Maigida ne. Aka ce wannan ba suna ba ne. Na ce baban Talatu. Majistaren, wani Bature, ya ajiye alƙalami. Liman ya yi maza ya faɗa, aka ce shi shaida ne, mai rantsuwa ake jira. Okoro, Allah ya saka masa, ya rubuta a tafin hannunsa yana ɗaga mini daga baya, wai ko mantawa na yi. Lauya kuwa ya raɗa mini cewa matar da ba ta san sunan mijinta ba, kotu za ta yi shakkar auren. Ni za a yi wa shakka? Ni da na san tarinka tun daga bakin layi? Na ƙi faɗa, aka ɗage shari'a.

A gida Yaya Asabe, yayarka, ta ce in na kuskura na ambace ka a gaban maza na zubar da mutuncin gidanku. Da na gaya mata za a sayar da injin, sai ta ce to in faɗa amma a hankali.

A hankalin na faɗa da muka koma. Akawu ya ce bai ji ba. Na ƙara. Bature ya kama kunnensa. Raina ya ɓaci, na buɗe murya na kira ka kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona. Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya waiwayo.

Akawu ya buga hatimi. Lauya ya washe baki yana taya ni murna, wai yanzu ka mutu bisa doka. An yafe maka tara, an cire kwaɗo, Okoro har da rawa.

Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Abin da ban gaya wa kowa ba, bayan na kira ka sai na yi tsit, na kasa kunne. Wallahi jira nake ka amsa. Ashe sunan nan yana da daɗi a baki haka, na yi ta riƙonsa shekara da shekaru ban taɓa ba ka ka ji ba? Kukan da na yi a kan gada muna dawowa ya fi na ranar da aka fita da kai, don sai a kan gadar nan na yarda ka tafi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai na zo, Haruna.

Taka har kullum,
Hajara, mai lasisin injin Kakuri