Rabin Dankali a Gilashin Mota

Inverness, cikin Janairu

Mama,

Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙanina Jory. Ni lafiya lau, makaranta ma ba laifi, sai dai maganar motar Kaka Fergus.

Kin san duk Lahadi sai ya haye tsauni tare da ni zuwa gidan kula da tsofaffi don ya ga matarsa Kaka Isobel, kuma a tsohuwar motar nan da suka yi aure da ita. Hitarta ba ta ɗumama komai sai gwiwarsa ta hagu. Numfashinmu kan daskare a jikin gilashi ta ciki, ni kuma aikina goga rabin dankali a kan gilashin, wai yana hana hazo. Ba ya hanawa, Mama.

Makon jiya muka zame a kan ƙanƙara, saura kaɗan mu faɗa rami. Dariya ya yi ya ce, "Ke 'yar kudu, tsoro kamar kaza! Kakarki tana taga tana jiran ƙarar motar nan. Ta manta fuskata, amma ba ta manta ƙarar ba."

Don Allah ki roƙi Baba ya zo kafin Lahadi ya gyara hitar, ko ya riƙa tuƙa mu. Kada dai ya ƙwace makullin, kuma kada ya ce ni na faɗa.

A littattafan soyayyata irin wannan ƙauna nake nema. Ban san ƙaunar tana da kujera a gefen direba ba, kuma ni ce a kai.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Tamsin