Rasuwar Malam Mika'il, da Asabar Mai Zuwa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Ɗaliban Tarihi ta unguwar Minguettes, a Vénissieux kusa da Lyon, tana sanar da iyaye da dukan 'yan Nijar mazauna Lyon da Paris cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Malam Mika'il Abdourahamane, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Malam ya yi shekaru yana zuwa mana kowace Asabar, yana koyar da mu tarihin Schaumburg-Lippe, wata ƙaramar ƙasa a Jamus da mutanenta ba su kai na Vénissieux yawa ba, wadda ya yi bincikensa na jami'a a kanta. Ranar da muka fassara kalmar Freistaat da "ƙasa mai 'yanci", ya gyara mana cikin haƙuri cewa nufinta ƙasar da ba ta da sarki: a 1918 yarimansu ya sauka, mutane suka wayi gari babu mai riƙe su, tsoro ya fi murna yawa. Ya kuma nuna mana yadda a 1926 suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi shiga Prussia da ƙaramin rinjaye, da yadda mulkin 'yan Nazi ya raba su da ikon kansu.

Yanzu ma'anar kalmar ta iso mu. Hukumar cibiyar unguwa inda muke haɗuwa ba ta buɗe ɗaki ga yara su kaɗai, kuma babbarmu ba ta cika sha takwas ba. Ƙungiyar ɗaliban Paris, cikin karamci, ta ce mu narke a cikinta mu riƙa bin darasi ta waya. Mun gode, amma muna jin tsoron in muka watse ba za mu sake haɗuwa ba, ga jarrabawar bak ta kammala sakandare tana matsowa.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya Zouera, da yayansa Alhaji Salifou na unguwar Goutte d'Or a Paris, da dangi a Damagaram. Allah ya gafarta masa, ya ba su haƙurin jurewa.

Muna roƙon iyayenmu, cikin kunya, babba ɗaya ya zo ya zauna da mu Asabar ɗin nan. Ba sai ya san tarihin Jamus ba.

Nuriyya Rachidou
Magatakardar Ƙungiya